Bin Sawun Kakannin da Suka Bar Ailan Kafin Babbar Yunwa

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin ƙasar Ailan ya ji labarin Babbar Yunwa, wadda ta fara a shekarar 1845 lokacin da wata cuta ta kama dankalin turawa, abincin da talakawan ƙasar suka dogara da shi. Cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku. Girman wannan masifa ya sa mutane da yawa suna zaton daga nan ne ƙaurar mutanen Ailan ta fara, alhali kuwa ta daɗe da kankama. Iyayen Andrew Jackson, shugaban Amurka na bakwai, sun bar wani ƙauye kusa da Carrickfergus tun 1765. Thomas Mellon, wanda zuriyarsa ta shahara da harkar banki a Pittsburgh, yana ɗan shekara biyar iyayensa suka tafi da shi daga gundumar Tyrone a 1818. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa daga 1815 zuwa 1845 kaɗai, tsakanin mutum 800,000 da miliyan ɗaya ne suka tafi Amurka ta Arewa.

Zuriyar waɗannan mutane suna nan a Amurka da Kanada da Ostireliya da Ingila, kuma da yawansu suna son sanin inda kakanninsu suka fito. Wannan muƙala za ta bayyana yadda ake gudanar da irin wannan bincike, da dalilin da ya sa ya fi na waɗanda suka tafi daga baya wuya. Abin da ya ja hankalina gare shi, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne kusan dukkan aikin ya ta'allaƙa ne a kan gano kalma guda, wato sunan wurin da aka haifi mutum. Sau da yawa kuma kalmar ta ratsa harsuna biyu ko uku kafin ta iso hannun mai bincike.

Su wane ne suka tafi?

A ƙarni na 18 mafi yawan masu ƙaura zuwa Amurka Furotesta ne daga lardin Ulster da ke arewacin ƙasar, musamman mabiya ɗariƙar Presbyterian, manoma da masaƙan lilin. Akwai kuma masunta daga yankin Waterford da suke zuwa tsibirin Newfoundland, har suka raɗa masa suna da harshensu, Talamh an Éisc, ma'ana ƙasar kifi. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare a 1815, farashin amfanin gona ya faɗi, sai Katolika suka fara fita da yawa. Jiragen ruwan da ke kawo katako daga Kanada zuwa Birtaniya ba su da kayan komawa, saboda haka suka riƙa ɗibar mutane a kan kuɗi kaɗan zuwa Quebec da Saint John. Da yawa daga cikinsu ba su zauna a Kanada ba, sun gangara Amurka ta ƙasa. Wasu kuwa ba da son ransu suka tafi ba: tun 1791 aka fara jigilar fursunoni kai tsaye daga Ailan zuwa Ostireliya.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin hanyar da mutum ya bi ita ce ke nuna irin takardar da zai iya bari a bayansa.

Gobarar 1922 da sauran matsaloli

Matsala ta farko ita ce gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa da aure na kowa da kowa a Ailan ba sai 1864, ko da yake an fara rajistar auren waɗanda ba Katolika ba tun 1845. Ke nan wanda aka haifa a 1800 ya tafi a 1825 ba shi da takardar haihuwa ta hukuma, ba don ta ɓace ba, sai don ba a taɓa rubuta ta ba.

Ta biyu ita ce gobara. An gina babban ɗakin ajiye takardun tarihi na ƙasar a harabar kotunan Four Courts da ke Dublin. A watan Afrilun 1922 mayaƙan da ba su yarda da yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya ba suka mamaye harabar. Ranar 28 ga Yuni sojojin sabuwar gwamnati suka fara yi musu luguden wuta, ranar 30 ga wata kuma wani abu ya fashe, wuta ta cinye takardun da aka tara na wajen ƙarni bakwai. Ƙidayar jama'a ta 1821 da 1831 da 1841 da 1851 duk suna ciki. Ta 1821 ita ce ta fi ciwo ga mai irin wannan bincike, domin ta ƙunshi sunan kowane mutum a gida, da shekarunsa, da sana'arsa. 'Yan guntaye kawai suka tsira, na wasu sassa na gundumomin Cavan da Fermanagh da Galway da Meath da Offaly. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin gobarar. Cikakkun ƙidayoyin farko da suka rage su ne na 1901 da 1911, lokacin da mutumin da ake nema ya daɗe a kabari a wata nahiya.

Akwai wani abin takaici game da littattafan coci. Cocin Angilika na Ailan shi ne cocin gwamnati har zuwa 1871, don haka doka ta ɗauki tsofaffin rajistocinsa a matsayin takardun hukuma, aka umarci a kai su Dublin domin tsaro. Gudun gara aka faɗa gidan zago: rajistocin majami'u wajen dubu suka ƙone. Na Katolika da na Presbyterian, waɗanda ba wanda ya nemi a adana su, suna nan wurin limamansu, wuta ba ta taɓa su ba. Sai dai na Katolika suna da tasu matsalar. Dokokin takurawa da aka ɗora wa mabiya ɗariƙar a ƙarni na 18, haɗe da talauci, sun sa limaman karkara da yawa ba su fara ajiye rajista ba sai daga shekarun 1820. A birane irin su Dublin da Cork da Waterford akan sami na ƙarni na 18, amma a yammacin ƙasar akwai wuraren da rajista ba ta fara ba sai bayan yunwar. Tun 2015 Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ya sa hotunan waɗannan littattafai a intanet kyauta. Duk da haka an tsara su ne bisa yankin coci, sai ka san yankin kafin ka san littafin da za ka buɗe.

A nan ne batun sunan wuri ya shigo. Tsibirin Ailan yana da larduna huɗu da gundumomi 32. Ƙarƙashinsu akwai yankunan coci na hukuma wajen 2,500, waɗanda iyakokinsu da sunayensu sukan bambanta da na yankunan Katolika. A can ƙasa kuma akwai abin da suke kira townland, ɗan yanki na karkara mai gonaki da 'yan gidaje, wanda zan riƙa kira unguwa a nan. Akwai su fiye da 60,000, kuma su ne ainihin adireshin mutumin karkara. Wanda ya ce kakansa Murphy ne daga gundumar Cork bai faɗi komai ba tukuna, domin rahoton da Robert Matheson ya yi bisa haihuwar 1890 ya nuna Murphy ne sunan da ya fi yawa a ƙasar baki ɗaya. Amma Murphy daga unguwa kaza, wannan abu ne da za a iya bi.

A fara daga inda ya sauka

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su ruga neman takardun Ailan tun a ranar farko. Hanyar da ta fi ita ce a fara daga gida, daga iyaye zuwa kakanni, a bi baya mataki-mataki har a kai ga wanda ya tsallako, sannan a tattara duk abin da ya bari a ƙasar da ya sauka.

Jerin sunayen fasinjojin jirgi, wanda kowa ke fara tunawa da shi, ba shi da amfani sosai a wannan zamani. Amurka ba ta wajabta shi ba sai daga 1820, kuma abin da yake nunawa bai wuce suna da shekaru da sana'a da ƙasa ba. A Kanada ba a fara ajiye shi a kai a kai ba sai 1865. Wanda ya tafi Ingila ko Sikotilan kuwa bai ma fita ƙasa ba a idon doka, tunda an haɗe Ailan da Birtaniya a 1801. Shahararren tsibirin Ellis na New York ba a buɗe shi ba sai 1892, saboda haka ba ruwansa da wannan bincike.

Abubuwan da suka fi taimakawa su ne waɗanda dangi suka rubuta, ko aka rubuta saboda dangi. Dutsen kabari na ɗaya daga ciki, domin mutanen Ailan a ƙasashen waje sukan sa a sassaƙa yankin coci da gundumar mamaci. Akwai rajistar aure, da sanarwar rasuwa a jarida, da wasiyya, da takardar roƙon fili a Kanada, da takardar sallamar soja ga wanda ya yi aiki a rundunar Birtaniya, wadda takan ambaci wurin haihuwa. Takardun fursunonin Ostireliya sukan nuna garin mutum da inda aka yi masa shari'a, har ya zamana wanda aka kora da laifi ya fi wanda ya tafi da kuɗinsa sauƙin samu.

Guda biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Jaridar Pilot ta birnin Boston ta buɗe wani shafi na cigiya a 1831, ya ci gaba har 1921. Mace takan yi cigiyar mijinta, ƙane ya yi ta yayansa, a faɗi unguwar da ya fito, da shekarar da ya tashi, da inda aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe. Dubun-dubatar irin waɗannan sanarwa an tattara su, ana iya bincika su da suna. Na biyu shi ne wani bankin ajiya da aka kafa domin baƙi 'yan Ailan a New York a 1850, mai suna Emigrant Industrial Savings Bank. Tunda da yawa daga masu ajiya ba su iya sa hannu ba, akawun banki yakan yi musu tambayoyi ya rubuta amsa, domin ya gane su ranar da suka zo karɓar kuɗi: ina aka haife ka, wane jirgi ya kawo ka, a wace shekara, mene ne sunan mahaifinka da na mahaifiyarka. Wanda ya iso a 1830 yana iya buɗe ajiya a 1852, ya bar amsar da jikokinsa za su zo nema bayan shekara ɗari da hamsin.

Idan mutumin bai bar komai ba, sai a duba na kusa da shi. Mutane ba su cika tafiya su kaɗai ba. Wanda ya riga zuwa yakan aiko da kuɗin jirgi ga ɗan'uwansa, maƙwabci ya bi maƙwabci. Don haka shaidun aurensa, da waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa wajen baftisma, da maƙwabtansa a ƙidaya, galibi 'yan yanki ɗaya ne. Dutsen kabarin ɗaya daga cikinsu yana iya buɗe ƙofar da nasa bai buɗe ba.

Suna ɗaya, harshe uku

To, a ce an yi dace an sami suna da wuri. Sauran aiki na ɗan harshe ne. Kafin yunwar miliyoyin mutane a Ailan harshensu na asali suke yi, wanda suke kira Gaeilge. Hukuma da Turanci take rubutu, limaman Katolika da yawa kuma da Latin. Saboda haka mutum ɗaya yana da sunan da uwarsa ke kiransa, da wanda limami ya rubuta, da wanda akawun gwamnati ya ji.

Sunayen zuriya sun bi hanyoyi daban-daban. Wasu an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji: Ó Súilleabháin ya zama O'Sullivan, Ó Murchadha ya zama Murphy. Wasu an fassara su. Mac Gabhann ma'anarsa ɗan maƙeri, sai wasu iyalai suka zama McGowan, wasu kuma Smith, kuma ba mamaki a sami siffofin biyu a gida ɗaya. Wasu ma fassarar kuskure aka yi musu: Mac Conraoi, wanda ya ba da Conroy, ya yi kama a kunne da kalmomin da ke nufin ɗan sarki, sai wasu suka koma King. Su kansu ɗafa-goshin Ó da Mac, masu ma'anar jika da ɗa, an yi ta zubar da su a ƙarni na 18 da na 19, daga baya wasu suka maido da su. Wanda ya nemi O'Connor kawai a jerin sunaye ya tsallake Connor da Connors da Conner, alhali duk suna iya zama mutum guda. Yawancin mutanen ba su ne ke rubuta sunansu ba, saboda haka maganar a ce "mu da harafi kaza muke rubuta namu" ba ta da tushe a wancan zamani.

Sunayen yanka sun fi rikitarwa. A rajistar Latin, William shi ne Gulielmus, James shi ne Jacobus, Owen kuma Eugenius. Sunan Diarmaid na asali yana iya fitowa a matsayin Dermot ko Darby ko Jeremiah, limami kuma ya rubuta Demetrius. Bridget tana iya zama Delia bayan ta isa Amurka, Honora ta zama Nora ko Hannah. Sai an san ɗan nahawun Latin ma, domin sunan uba yakan zo da wata siffa ta mallaka, Jacobi maimakon Jacobus, kuma masu kwafe rajista zuwa kwamfuta sukan ɗauke su sunaye biyu.

Akwai al'adar raɗin suna da ke taimakawa. Ɗan fari namiji yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, na uku sunan uban. 'Yar fari takan ci sunan kakarta ta wajen uwa. Ba doka ba ce, amma idan an jera 'ya'yan mai ƙaura bisa haihuwa, ana iya hasashen sunayen iyayen da ya baro. Illarta ita ce 'yan'uwa maza huɗu kowa zai sa wa ɗansa na fari sunan tsoho guda, sai a wayi gari da takwarori huɗu a unguwa ɗaya, sa'annin juna. Shekaru kuma ba su cika raba gardama ba, domin mutanen ba su damu da ranar haihuwa ba. Kuskuren shekara biyar ba abin mamaki ba ne.

Sunayen wurare su ma haka. Baile, wato gari ko mazauni, ya zama Bally. Cnoc, tudu, ya zama Knock. Cill, coci, ya zama Kil, amma coill, kurmi, shi ma sau da yawa Kil ya zama, har ya kasance Kilmore yana iya nufin babban coci ko babban kurmi. Ɗaliban Hausa ba sa bukatar dogon bayani a nan, mun san abin da ke faruwa idan aka rubuta baki da baƙi ba tare da lanƙwasa ba, mun kuma san yadda Sakkwato ta zama Sokoto. Ba a daidaita rubutun sunayen unguwanni ba sai da aka yi safiyon ƙasar daga 1824 zuwa shekarun 1840, inda masani John O'Donovan ya yi ta yawo yana tambayar tsofaffi yadda suke furta su. Wanda ya tafi kafin nan da furuci ya tafi, ba da rubutu ba, sai mai sassaƙa dutse a Pennsylvania ya rubuta abin da ya ji. Dabara ita ce a karanta sunan da ƙarfi, a saurare shi, sannan a nemi mai kama da shi a rumbun sunayen wurare na Logainm. A kuma tuna cewa wasu sunayen sun canza: King's County ita ce Offaly a yau, Queen's County ita ce Laois.

Komawa Ailan

Da unguwa a hannu, sai a ga ashe ba komai ne ya ƙone ba. Mafi muhimmanci ga wannan zamani su ne littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837. Kowane manomi, ko wace ɗariƙa yake bi, dole ya biya wa cocin gwamnati wani kaso na amfanin gona, abin da har ya jawo bore a shekarun 1830. Littattafan sun jera masu riƙe da gona unguwa-unguwa, amma ba su ambaci iyali ba, ba 'yan ƙodago, ba mazauna birni. Akwai jerin 1796 na manoman da aka ba kyautar keken kaɗi don sun shuka tsiron da ake yin lilin da shi, mai ɗauke da dubban sunaye, mafi yawa daga arewa. Kimanta filaye da Richard Griffith ya jagoranta daga 1847 zuwa 1864 ya zo bayan tafiyar mutuminmu, amma yana nuna danginsa da suka rage, yana kuma ba da sunan mai ƙasar da suke haya a hannunsa. Daga nan ake neman littattafan haya na wannan mai ƙasa, a Dublin ko a ɗakin tarihi na Belfast da aka kafa a 1923. Ofishin rajistar filaye na Dublin, wanda ya fara aiki a 1708, bai ƙone ba, sai dai masu hali ne suka fi yawa a cikinsa. Mai sa'a shi ne wanda kakansa ya fito daga Antrim ko Derry, domin jami'an safiyo sun rubuta sunayen waɗanda suka yi ƙaura daga wasu yankunan a shekarun 1830, da shekarunsu, da unguwarsu, da tashar da suka nufa.

Wani abin ban sha'awa shi ne yadda fansho ya ceci wani ɓangare na ƙidayar da ta ƙone. Dokar 1908 ta ba 'yan shekara 70 fansho, amma tsofaffin an haife su kafin rajistar 1864. Sai aka riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 domin tabbatar da shekarunsu, ana kwafe bayanin gidansu a kan fom. Littattafan asali sun ƙone, fom ɗin suna nan. Irin wannan tsince-tsince ne jami'ar Trinity College ta Dublin ta jagoranta da faɗi, inda a 2022, shekara ɗari cif bayan gobarar, aka buɗe wani rumbu a intanet da ke haɗa kwafe-kwafen da aka samo daga ɗakunan tarihi na ƙasashe daban-daban.

Duk da haka akwai iyaka, kuma gara mai bincike ya san ta tun da wuri. Ga iyalin talakawa Katolika, sawu yakan ɓace wajen shekarar 1800. Gwajin ƙwayoyin halitta yana iya haɗa mutum da dangi na nesa ya nuna masa yanki, amma ba ya faɗin sunan kaka. A wannan gaɓa ce wasu ke gajiya, su ga wata baftisma mai sunan da suke nema da shekarar da ta yi kusa, su ɗauka kawai. Matsalar ita ce rajistar da ke intanet ta yankunan da suka ajiye littafi ce kurum. Mai yiwuwa ainihin kakan an yi masa baftisma a yankin da ke maƙwabtaka, wanda limaminsa bai sayi littafi ba sai 1838.